Babi na Shida: Tara, Kwaɗo da Shagunan Wiwi Marasa Lasisi a New York

A ranar 31 ga Maris, 2021, gwamnan jihar New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya sa hannu a dokar da ta yarje wa duk wanda ya kai shekara 21 ya riƙe tabar wiwi har kimanin giram 85. Daga ranar ɗan sanda ya rasa hurumin kama baligi don kawai ya same shi da ƙullin wiwi a aljihu. Sayarwa kuwa dokar ta ce sai da lasisi, ta kuma kafa ofishi na musamman, wanda ake taƙaita sunansa da OCM, don ya riƙa bayar da shi. Amma shagon farko mai lasisi bai buɗe ba sai ranar 29 ga Disamba, 2022, a Manhattan. Wato wata 21 cur jihar da ke da mutum kusan miliyan 20 ta bar jama'arta da izinin sha, ba tare da shago mai lasisi ko ɗaya ya buɗe ba. 'Yan kasuwa ba su tsaya jiran gwamnati ba. Masu shagunan taba da na kayan masarufi suka fara ajiye wiwi a bayan kanta, daga baya suka fito da ita fili, suka maƙala fitila mai siffar koren ganye a ƙofa. A farkon 2023 hukumomin birnin New York sun ƙiyasta cewa irin waɗannan shaguna sun kai 1,400, kafin tsakiyar 2024 kuma ƙiyasin ya doshi 3,000, alhali a farkon shekarar shaguna masu lasisi da suka buɗe a faɗin jihar ba su kai 100 ba. Ita kanta gwamna Kathy Hochul, wadda ta gaji Cuomo, ta fito ta amsa cewa yadda aka tafiyar da buɗe kasuwar ya zama bala'i.

A Najeriya da Nijar wiwi haramtacciya ce a doka, kuma mafi yawan masu karanta wannan littafi suna ganin haramcinta tun daga addini kafin a zo ga doka. Wannan babi bai zo ya yanke hukunci kan ko New York ta yi daidai da ta halatta ba. Abin da ke gabanmu shi ne abin da ya biyo baya: idan hukuma ta ce sana'a kaza sai da lasisi, ta kuma ɗaure hannunta da kanta cewa ba za ta riƙa cika gidajen yari da masu karya wannan ƙa'ida ba, da me za ta sa a bi umarninta? Amsar da ta rage mata ita ce hukuncin da ke faɗa wa dukiya: tara, ƙwace kaya, rufe shago, da matsa wa mai ginin. A ganina wannan hanya ita ce daidai. Sai dai abin da New York ta gani ya nuna cewa girman tarar da aka rubuta a doka shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin kayan aikin. Abin da ke tsorata ɗan kasuwa shi ne tabbacin cewa hukuncin zai zo, zai zo da wuri, kuma zai faɗa kan abin da ba zai iya ɓoyewa ba.

Akwai dalilin da ya sa ya kamata a damu da waɗannan shaguna tun farko, domin wasu na cewa tunda an halatta ganyen, me ya rage a bi mai sayarwa? Mai lasisi dole ne ya kai kayansa ɗakin gwaji, ya rubuta ƙarfin sinadarin da ke bugarwa a jikin fakiti, ya duba katin shaidar kowane mai saye, ya nisanci makarantu da wuraren ibada, ya ɗora harajin kashi 13 cikin 100 a kan kowane ciniki. Maƙwabcinsa marar lasisi bai ɗauki ko ɗaya ba. A kan kantarsa ake samun alewa da cakulan da aka haɗa da wiwi, an naɗe su cikin leda mai kala irin ta alewar yara, wasu ɗauke da tambarin jihar Kalifoniya, na gaske ko na jabu. A 2022 wata ƙungiyar kamfanonin wiwi na magani ta sayi kaya daga irin waɗannan shaguna ta kai gwaji, ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na ɗauke da ƙwayoyin cuta ko gubar ƙarfe irin dalma. Ƙungiyar tana da muradin kasuwanci a maganar, amma ko an rage adadin, babu wanda ke musun cewa kayan da ba a gwada ba ba a san abin da ke cikinsu ba. Sannan ga kuɗin haraji, wanda dokar ta raba shi uku: kashi 40 ga ilimi, kashi 40 ga unguwannin da kame-kamen baya ya fi illatawa, kashi 20 ga jinyar masu shaye-shaye da wayar da kai. Duk dalar da ta shiga shago marar lasisi ta kuɓuce wa waɗannan.

Matakin farko da jihar ta ɗauka da gaske ya zo a watan Mayun 2023, lokacin da aka ba OCM ikon cin tarar dala 10,000 a kowace rana ga mai sayarwa ba lasisi, har zuwa 20,000 a rana ga wanda aka umarce shi ya daina ya ƙi. A takarda wannan babban makami ne, domin shago da ya yi wata guda yana taurin kai zai iya tara bashin da ya fi ƙarfin jarinsa. Jami'ai suka riƙa shiga shaguna, suna kwashe kaya, suna manna wata babbar takarda a gilashin ƙofa mai sanar da cewa an kama haramtacciyar wiwi a nan. Da yawa daga cikin masu shagunan washegari suka sake cika kanta suka ci gaba, takardar na manne a ƙofa, masu saye na wucewa ta gefenta. Dalili kuwa shi ne tara ba ta tabbata sai an yi zaman sauraren ƙara, ga ɗaukaka ƙara a bayansa, ga ma'aikatan ofishin 'yan ƙalilan, har ta kai a ƙarshen 2023 an dakatar da zaman na wani lokaci saboda ƙarancin hannu. A farkon 2024 kafar labarai ta The City ta bankaɗo cewa jihar ta yanke tarar da ta haura dala miliyan 25, amma abin da ta karɓa a hannu dala 22,500 ne kacal. Wannan bai kai dala ɗaya cikin kowace dubu ba.

Duk ɗan kasuwa ya iya wannan lissafi ko bai taɓa shiga aji ba. Yana auna ribar yau da asarar da mai yiwuwa ta zo, sai ya tambayi kansa: shaguna nawa ne, jami'ai nawa ne, yaushe za su iso kaina, in sun iso yaushe za a yanke, in an yanke wa zai tilasta mini biya? Kowace tambaya tana zaftare wani abu daga nauyin tarar, har ta koma ƙaramin kuɗin da ake sawa cikin lissafin tafiyar da shago, gefen kuɗin haya da na wuta. Akwai kuma wata dabara da dokar kamfanoni ta sauƙaƙa. Shagon yakan kasance da sunan ƙaramin kamfani wanda bai mallaki komai ba sai kayan da ke kan kanta, ciniki kuma da tsabar kuɗi ake yi. Idan tara ta faɗa wa kamfanin, sai a bar shi ya mutu da bashinsa, a yi rajistar wani, a canza allon ƙofa. Ko manyan hukunce-hukuncen da suka yi amo ba su tsira daga wannan ba. A 2024 babbar lauyar jihar, Letitia James, ta samu hukuncin dala miliyan 15.2 a kan mai wasu shaguna a arewacin jihar, hukuncin da ya dace da mutumin da aka yi ta gargaɗi yana yin kunnen uwar shegu. Amma shari'a irin wannan tana cin watanni da lauyoyi, kuma ba za a iya maimaita ta sau dubu uku ba.

A nan ne masu ra'ayin riƙau ke shigowa, suna cewa ai ga shi nan, tara ba ta aiki, a koma kame da ɗauri. Wannan hanya an riga an gwada ta shekaru da dama, kuma an san abin da ta haifar. A 2011 kaɗai 'yan sandan birnin New York sun yi kame kusan 50,000 a kan riƙe wiwi, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka kama baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, duk da cewa bincike ya sha nuna farare ba su gaza su sha ba. Duk wannan kame bai sa wiwi ta yi wuyar samu a birnin ba ko na rana ɗaya. Abin da ya bari shi ne dubban matasa da tabon laifi a takardunsu, tabon da ke hana aiki da gidan haya, ya kuma jefa baƙo cikin haɗarin kora daga ƙasa. Sannan idan aka kai samame shago, wanda ake tararwa a bayan kanta yaron shago ne mai karɓar albashin awa. Mai jarin yana gida, gobe zai ɗauki wani yaron. Hukuncin da ya tsallake mai kuɗi ya sauka kan ɗan aikinsa zalunci ne, kuma bai rage ko shago ɗaya ba.

Sauyin gaske ya zo da kasafin kuɗin jihar na Afrilun 2024, wanda ya ba hukumomi ikon garƙame shago nan take, ya kuma miƙa wannan iko ga ƙananan hukumomi. A birnin New York aikin ya faɗa hannun ofishin sherif, wato jami'in da ke zartar da umarnin kotu. Dokar ta fayyace yanayin da za a rufe tun a ziyarar farko, kamar sayar wa yara, kusanci da makaranta ko wurin ibada, ko sayar da kayan da ba a gwada ba, kuma rufewar na iya kaiwa shekara guda. A watan Mayu magajin gari na lokacin, Eric Adams, ya ƙaddamar da samamen. Jami'ai su shiga, su ƙirga kaya su zuba a buhuna, su ja ƙofar ƙarfe ƙasa, su sa kwaɗo, su manna umarnin rufewa. Kafin ƙarshen Yuli an rufe fiye da 700, cikin shekara guda kuma adadin ya kai wajen 1,400. Bambancin kwaɗo da tara a bayyane yake. Tara sai hukuma ta bi mutum tana nema, shi kuma yana ciniki yana ja mata rai. Da kwaɗo ciniki ya tsaya yau, haya na ci gaba da hawa, kuma mai shagon ne zai riƙa zarya yana neman a saurare shi. Jinkirin shari'a, wanda a da riba ne gare shi, ya koma asara.

Mataki na biyu, wanda nake ganin ya fi kwaɗon ma dogon tasiri, shi ne waiwayar mai ginin. Kamfani na iya ɓacewa a dare ɗaya, gini kuwa yana nan da lambarsa da sunan mai shi a rajista. Tun a 2023 majalisar birnin ta yi dokar cin tarar mai ginin da ya san abin da ake yi ya ba da haya, dala 5,000 a karon farko, 10,000 a kowane karo na gaba. Dokar 2024 ta ƙara nauyi, inda mai ginin da aka sanar da shi ya ƙi fara shari'ar tashin ɗan hayarsa zai iya fuskantar tarar dala 50,000 a cikin birnin. Wasu masu gine-gine sun koka cewa ana mayar da su 'yan sanda, kuma tashin ɗan haya a kotunan New York ba abu ne na kwana ɗaya ba. Kukan yana da tushe ga wanda aka yaudara, shi ya sa sharaɗin sanarwa da ba da wa'adi ke da muhimmanci. Amma wanda ya ga koren ganye na haskawa a ƙofar shagonsa, yana karɓar haya kowane wata, abokin cin riba ne, kuma babu rashin adalci a ce ya ɗauki rabonsa na hukunci. Sauran wurare ma sun bi ta nan da salo daban-daban. Birnin Los Angeles ya ba da izinin yanke wa irin waɗannan shaguna ruwa da wuta a 2019, a shekarar kuma hukumomin Toronto a Kanada suka kai ga jibge manyan tubalan kankare a ƙofar wasu shagunan da aka rufe suka yi ta sake buɗewa.

Sai dai ƙarfin kwaɗo shi ne kuma haɗarinsa, kuma wannan ƙorafi ne da ba zan wuce shi da sauri ba. A shari'ar laifi, wanda ake tuhuma yana da kariya mai kauri: sai an tabbatar da laifinsa ba tare da kokwanto ba, kuma in ba shi da lauya gwamnati ta ba shi. A hukuncin dukiya waɗannan kariya sun yi laushi, alhali rufe shago na shekara guda na iya kashe sana'ar iyali gaba ɗaya, har da shagon da wiwi ƙaramin ɓangare ce a cikin kayansa, ko wanda aka rufe bisa kuskure. Tsarin birnin ya tanadi zaman sauraren ƙara cikin 'yan kwanaki bayan rufewa, wannan ya yi kyau. Matsalar ita ce abin da jami'in sauraren ya yanke shawara ce kawai, sherif ke da maganar ƙarshe, kuma an samu lokutan da jami'in ya ce a buɗe, sherif ya bar kwaɗonsa. A watan Oktoban 2024 wani alƙali a Queens, Kevin Kerrigan, ya yanke cewa wannan tsari ya saɓa wa haƙƙin samun shari'a ta adalci, birnin kuma ya ɗaukaka ƙara. Ko yaya manyan kotuna suka kalli maganar, a ganina alƙalin ya taɓa inda ke ciwo. Wanda ya kai samame bai kamata ya zama shi ne mai yanke ko samamen ya yi daidai ba. Gyaran kuma ba ya buƙatar a ajiye kwaɗon. A rufe nan take idan akwai haɗari, a saurari mai shago da gaggawa, hukuncin mai sauraren kuma ya hau kan kowa har da sherif. Haka ma girman tara yana da iyaka. A 2019, a shari'ar Timbs da jihar Indiana, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar cewa hanin da tsarin mulki ya yi kan tarar da ta wuce kima ya hau kan jihohi ma.

Akwai ƙorafi na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi: rufe shago ba ya kashe buƙata, yana tura ta bayan gida ne kawai, ga mai kawowa a kan keke da mai talla ta waya. Gaskiya ne, kuma shi ya sa hukunci kaɗai bai taɓa isa ba. Kalifoniya ta fara sayarwa bisa doka tun Janairun 2018, tana da tara mai tsauri, amma fiye da rabin garuruwa da gundumominta sun hana buɗe shago mai lasisi, haraji kuma ya yi nauyi, don haka kasuwar bayan fage ta ci gaba da bunƙasa. A Kanada, wadda ta halatta a Oktoban 2018, sai da shaguna masu lasisi suka yawaita, farashi ya sauko, sannan cinikin halal a doka ya zarce na ɓoye. New York kanta ta haifi matsalarta da jinkiri. Niyyarta ta fara ba da lasisi ga waɗanda aka taɓa hukuntawa kan wiwi niyya ce mai kyau, amma ƙararraki suka tsayar da shirin, ɗaya a ƙarshen 2022 daga wani kamfani mai alaƙa da wata jiha, ɗaya a 2023 daga tsofaffin sojoji, asusun tallafi na dala miliyan 200 da aka yi alkawari kuma ya yi ta jan ƙafa. Manoma fiye da 200 da aka ba izinin noma suka girbe amfani ya tsaya musu a ɗakunan ajiya. Wanda ya bi doka shi ya fi kowa shan wuya, yana biyan haya a shagon da bai samu izinin buɗewa ba, yana kallon na kusa da shi na ciniki.

Abin da ya faru a 2024 shi ne abubuwa biyun sun haɗu. Ana rufe marasa lasisi, ana kuma sakin lasisi da sauri, har shaguna masu lasisi da suka buɗe suka haura 250 kafin ƙarshen shekara. Cinikin da ya tsaya a wajen dala miliyan 150 a 2023 ya ninka sau da yawa, jimillarsa tun buɗe kasuwar ta haye dala biliyan ɗaya a ƙarshen 2024. Ba za a iya raba wa kwaɗo kasonsa a raba wa sababbin shaguna nasu daidai wa daida ba, domin tare suka zo, amma masu lasisi da dama a birnin sun ba da rahoton hauhawar ciniki bayan an rufe maƙwabtansu. Mai karatu a Kano ko Kaduna zai gane wannan daga abin da yake gani idan hukuma ta garƙame kemis marar rajista: in babu mai rajista a kusa, kuma babu wanda zai dawo duba ƙofar bayan wata guda, unguwa za ta koma inda ta saba.

Umarnin rufewa na shekara guda ne, don haka daga tsakiyar 2025 wa'adin shagunan farko ya fara cika, makullai suka fara komawa hannun masu gine-gine. Kowane ɗayansu zai zaɓi wanda zai ba haya, mai aski ne ko mai sayar da abinci, ko kuwa tsohon ɗan hayarsa da sabon sunan kamfani. Abin da zai sa ya zaɓi na farko shi ne ya ga an karɓi tarar dala 50,000 daga hannun wani mai gini a layinsu, kuma ya san jami'ai za su sake biyowa ta titin. Wannan aiki ne na ma'aikata da kasafin kuɗi na kowace shekara, na masu sauraren ƙara da masu bin bashi, kuma shi ne ɓangaren da jihar ta gaza a kai a 2023.